Mawaƙi Marar Ubangida: Wa Zai Biya Shi a Gwandu da Kalgo?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a mararrabar Kalgo, inda hanyar Birnin Kebbi zuwa Jega ta haɗu da wadda ta nufi Bunza da Kamba, ya san ba a rabuwa da jin waƙa a wurin. Tana tashi daga motocin haya, daga shagon mai cajin waya, har daga aljihun ɗan kabu-kabu. Haka abin yake a Gwandu ranar kasuwa. Amma da wuya mu tsaya mu tambayi kanmu: shin wanda ya yi waƙar nan ya sami ko kwabo daga cikinta?

Wannan tambaya ta shafe mu, 'yan'uwa, domin kusan kowace ikilisiya tana da saurayi ko budurwa mai baiwar waƙa, ko ƙungiyar mawaƙa, ko Zumuntar Mata, waɗanda suka yi karo-karo suka shiga situdiyo. Sau da yawa waƙar takan karɓu, a ji ta a wayar kowa, alhali kuwa masu ita suna nan suna fama da bashin da suka ci don yin ta.

ZAMANIN UBANGIDA

A ƙasar Gwandu da ta Kabi, waƙa tsohuwar sana'a ce, kuma tana da tsarin biya tun kafin a san faifai. Makaɗin fada yana da ubangida, wato sarki ko hakimi, wanda ke ba shi doki da riga da hatsi. Irin wannan hanya su Aliyu Ɗandawo da ɗansa Sani Ɗandawo suka bi, da Musa Ɗanƙwairo da Ibrahim Narambaɗa a ƙasar Sakkwato da Zamfara. Makaɗan noma da na dambe da na biki kuwa, jama'ar da suka taru ne ke yi musu kyauta nan take. Abin lura shi ne, a duk waɗannan hanyoyi mai waƙa da mai biya suna ganin juna ido da ido.

Na'ura ce ta raba su. Da aka buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962, murya ta fara zuwa inda ƙafar mai ita ba ta taɓa takawa ba. Iyayenmu kuma sun saurari waƙoƙin Hausa daga tashar ELWA ta Laberiya, wadda ta fara aiki a 1954, da Muryar Bishara, wadda aka riƙa watsawa daga Adis Ababa tun 1963 har gwamnatin sojan Habasha ta ƙwace tashar a 1977. Rediyo ya ba mawaƙa suna, kamfanoni irin su EMI suka buga wa wasu faifan garmaho.

Sai kaset ya zo. Alherinsa shi ne arha: ƙaramar ƙungiya tana iya ɗaukar waƙoƙinta ta sayar a ƙofar majami'a. Sharrinsa kuma shi ne, duk mai rikoda biyu ya zama kamfani. Satar fasaha na cikin abubuwan da suka sa manyan kamfanonin waje irin su EMI da PolyGram suka bar harkar a hannun 'yan ƙasa zuwa farkon shekarun 1990. Faifan CD bai gyara kome ba. Da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, daga baya kuma katin memori ya wadata, sai ciniki ya koma hannun masu tura waƙa. Mutum ya miƙa wayarsa, ya biya kuɗi kaɗan, a cika masa ita da waƙoƙi. Kuɗin na mai kwamfuta ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

LISSAFIN INTANET

Matasanmu da yawa suna zaton da zarar an ɗora waƙa a intanet, kuɗi zai fara zuba. Ya kamata su san yadda lissafin yake. Kafin YouTube ya fara raba kuɗin talla da mai tasha, sai ya tara mabiya 1,000, kuma an kalli bidiyonsa na tsawon awa 4,000 cikin wata 12, ko kuwa gajerun bidiyonsa sun sami kallo na miliyoyi. Spotify, wanda ya shigo Nijeriya a 2021, ya kafa doka a 2024 cewa waƙar da ba a saurara sau 1,000 cikin wata 12 ba, ba za a biya mai ita kome ba. Bugu da ƙari, abin da ake biya kan sauraro daga Nijeriya bai kai na Amurka ko Ingila ba, domin kuɗin da masu sauraro ke biya a nan kaɗan ne. Kuma mawaƙi ba ya ɗora waƙa a Spotify da kansa, sai ta hannun kamfanin rarrabawa, wanda zai karɓi kuɗin shekara ko ya yanki kasonsa.

To, mawaƙin da ke zaune a Gwandu ko Kalgo, wanda yawancin masu sonsa ta WhatsApp da Xender suke karɓar waƙa don gudun ƙona data, ba zai ciyar da iyali da wannan ba. Ba mu ce kada ya ɗora ba. Audiomack da Facebook da YouTube kyauta ne, kuma suna kai murya Zuru da Yawuri da Kwantagora, har Gaya da Doso da Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, inda ake jin Hausa ɗaya da tamu. Sai dai ya ɗauki waƙar da ke cikin waya a matsayin ɗan aike. Aikinta ta sa a san shi, a gayyace shi. Abincinsa yana inda yake tun zamanin kakanni, wato wurin taron da zai tsaya gaban mutane.

ABIN DA MAWAƘI ZAI YI

Na fari, ya yi lissafi kafin ya shiga situdiyo. Gara waƙa biyu masu kyau da aka biya da kuɗin hannu, da waƙa goma na bashi. A gama gwaji a gida tare da 'yan amshi, domin a situdiyo lokaci kuɗi ne, ga kuma kuɗin mota zuwa Birnin Kebbi ko Sakkwato.

Na biyu, a rubuta yarjejeniya. Wa ya tsara baitoci? Wa ya yi kiɗa? Mai fiyano an sallame shi ke nan, ko yana da kaso? Idan ƙungiya ce, waƙar ta ƙungiya ce ko ta wanda ya ƙirƙira ta? Mun sha ganin zumunci ya lalace a kan wannan, ba don mugunta ba, sai don ba a faɗa tun farko ba. Kada kuma ya bar situdiyo sai da ainihin kwafin aikinsa a hannu.

Na uku, ya san haƙƙinsa. Nijeriya ta yi dokar haƙƙin mallaka a 1988, aka sauya ta da sabuwa wadda aka sa wa hannu a 2023. Bisa doka, waƙa ta zama mallakar mai ita tun daga ranar da ya rubuta ta ko ya ɗauke ta a na'ura, kuma haƙƙin yana nan har shekara 70 bayan mutuwarsa. Yin rajista a Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ba dole ba ne, amma shaida ce mai amfani ranar gardama. Shi ma kada ya ɗauki karin waƙar wani ya sa sunansa ba da izini ba.

Na huɗu, ya sa sunansa da lambar wayarsa a jikin bidiyo, ya kuma ambaci sunan ƙungiya a farkon waƙa. Mai tura waƙa yakan canza sunan fayil, amma ba ya iya goge abin da ke cikin murya. Maimakon gaba da masu turi, ya kai musu waƙar da hannunsa, su zama masu yi masa talla.

Na biyar, ya shirya ƙaddamarwa da kyau, kuma kada ya saki dukan waƙoƙin kafin ranar. Lokaci ma abin dubawa ne: bayan girbin shinkafa da gero, ko dab da Kirsimeti, hannun mutane ya fi sakewa. Tun da ikilisiyoyinmu a waɗannan garuruwa ƙanana ne, a gayyaci 'yan'uwa daga Birnin Kebbi da Jega, da ɗaliban Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013, wadda mazauninta ke kan hanyar Kalgo zuwa Bunza. Ya tuna kuma Gwandu garin malamai ne tun zamanin Abdullahi ɗan Fodiyo, mutanenta sun san darajar magana mai ma'ana. Waƙa a kan zaman lafiya, ko noma, ko biyayya ga iyaye, ko illar shaye-shaye, maƙwabci ma zai so ta, muddin an yi ta da ladabi kuma ba a dame shi da lasifika ba.

NAMU RABON

Mawaƙin nan ba shi da sarki, ba shi da kamfani. Idan yana da ubangida a yau, to, mu ne. Amma sau nawa muke gayyatarsa biki ko taro, mu biya mai rumfa da mai kujeru da mai janareta, shi kuwa mu sallame shi da "Allah ya sa albarka"? Sau nawa muke tsayawa ranar ƙaddamarwa mu yi alkawarin kuɗi gaban jama'a, a yi mana tafi, shekara ta zagayo ba mu cika ba? Baiwa kyauta ce, gaskiya ne, amma igiyar jita da kuɗin mota da na situdiyo ba kyauta ba ne.

Saboda haka, dattawan ikilisiya su sa kuɗin mawaƙin da aka gayyata cikin lissafin taro tun daga farko. Wanda ya yi alkawari ya cika. Wanda kuma aka tura masa waƙa kyauta, ta ƙarfafa shi a kwanakin ciwo ko makoki, ya nemi lambar mai ita ya aika masa da abin da ya sawwaƙa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. In ba mu yi haka ba, masu baiwar za su ajiye ta su nemi wata sana'a, ko su tafi Jos da Kaduna da Abuja, mu koma sayen waƙar 'ya'yanmu daga hannun baƙi.

Allah ya ba mu zuciyar riƙon amana. Amin.