Edimbur: birnin da taswira ke ruɗin baƙo

A birnin Edimbur, hedikwatar ƙasar Sikotilan da ke arewacin Ingila, baƙo na iya tsayawa a daidai wurin da taswira ta nuna masa otal ɗinsa, ya duba dama da hagu bai ga ƙofa ba. Otal ɗin yana nan ƙarƙashin ƙafarsa, a wani titin da gada ta ratsa ta kansa. Ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ya saba da shimfiɗaɗɗun garuruwa irin Maraɗi, inda ake auna tafiya da nisa kawai, sai ya koyi sabon lissafi a can: kafin ya tambayi nisan wuri, ya fara tambayar ko sama yake ko ƙasa.

Dalilin haka yana cikin yadda garin ya zauna. Tsohon birni an gina shi ne a kan doron wani tudu mai tsawo. A ƙarshensa na yamma fadar yaƙi take, bisa dutsen da ya yi aman wuta tun zamanin da, mita 130 sama da teku. Daga nan babban titin da ake kira Royal Mile ya gangaro kusan kilomita 1,8 zuwa fadar sarauta ta Holyrood. Hagu da dama na titin ƙasa ta zurma kwari, kuma lungunan da ke sauka can, waɗanda ƴan garin ke kira «close», galibinsu matakala ne ko gangare mai tsanani.

Da tsohon birni ya cika maƙil, aka buɗe sabon gari a arewa bisa tsarin da maginin nan James Craig ya zana, wanda hukumar gari ta amince da shi a 1767. Tafkin da ke tsakanin garuruwan biyu aka janye ruwansa. A gurbinsa yanzu akwai lambu, kuma a cikin wannan kwarin ne tashar jirgin ƙasa ta Waverley take. Domin haɗa tuddan aka yi manyan gadoji. Ɗaya daga cikinsu, South Bridge, da aka kammala a 1788, tana da bakuna 19, amma gidaje sun rufe ta ta kowane gefe har baka ɗaya tak ake gani, wanda titin Cowgate ke bi ta ƙarƙashinsa. Mai tafiya a sama bai ma san a kan gada yake ba. Garuruwan biyu UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 1995.

Wanda ya sauka a Waverley, bayan tafiyar kusan awa huɗu da rabi daga Landan, ya sauka ne a ƙasan gari, kuma kowace hanyar fita hawa ce. Ta gefen titin Princes akwai na'urar ɗaukar mutane sama. Ta gefen tsohon birni kuwa, gajeruwar hanyar da ake kira Scotsman Steps matakala 104 ce. Mai akwati biyu ko dattijo mai ciwon gwiwa, gara ya ɗauki taksi tun daga tasha. Taksin yana da mitar kuɗi, ba a ciniki, kuma kabu-kabu babu shi ko ɗaya.

Daga filin jirgin sama, da ke wajen kilomita 13 yamma da gari, akwai taragon lantarki da ke bin titi, wato taram. An daina irinsa a garin a 1956, ya dawo a 2014, sa'an nan a 2023 aka ƙara layin zuwa unguwar Newhaven a bakin teku. Ana biyan kuɗinsa ne a tasha kafin a shiga. Wanda aka samu ciki bai biya ba, kuɗin da za a karɓa a hannunsa ya ninka. Sai dai taram yana bin sabon gari ne, ba ya hawa tudun tsohon birni. Wannan aikin na bas ne. Kamfanin Lothian Buses, mallakar hukumomin gari, motocinsa na ratsa gadoji dare da rana. Ana biya da katin banki ko da tsabar kuɗi daidai, domin direba ba ya ba da canji.

Hayar mota ba ta da riba ga baƙo. Tuƙi a hannun hagu ake yi, wurin ajiye mota tsada gare shi, kuma tun watan Yunin 2024 ana cin tarar tsofaffin motoci masu hayaƙi idan suka shiga tsakiyar gari.

Dabarar da ta fi sauƙi ita ce a hau da mota, a sauko da ƙafa. Baƙo ya fara yininsa daga fadar yaƙi, ya bi Royal Mile yana gangara. A tsakiyar hanya, idan lokacin salla ya yi, ya karkata kudu ta kan South Bridge; babban masallacin garin, da aka buɗe a 1998, yana titin Potterrow kusa da jami'a. Mai sauran ƙarfi yana iya hawa dutsen Arthur's Seat, mita 251, daga kusa da Holyrood. Wanda ƙarfinsa bai kai ba, tudun Calton ya ishe shi: ƴan mintoci ake hawansa, kuma daga kansa ana ganin garuruwan biyu da teku.

Lokacin zuwa ma yana canza lissafi. A watan Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe 4 na yamma, a watan Yuni kuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare. Ruwan sama ba ya da damina, kowane wata yana iya sauka, kuma duwatsun da aka daɓe tsofaffin tituna da su santsi gare su, don haka takalmin fata mai sumul na zuwa taro ba na yawo ba ne. A watan Agusta, lokacin bukin wasanni da ake yi tun 1947, tituna na cika, kuɗin otal na tashi.

Abu na ƙarshe a tanada tun daga gida: bizar Shengen ta Faransa ba ta shigar da mutum Biritaniya, sai da bizarta daban. Idan an isa kuma, matambayi ba ya ɓata, muddin ya tambayi ɗan gari ko titin da yake nema na sama ne ko na ƙasa.