Jar Fitila da Alamar Hannu: Yadda Ake Tsare Rayuka a Gindin Jirgin Sama

Mafi yawan matafiya suna ɗaukar cewa haɗarin jirgin sama yana can cikin gajimare, alhali kuwa wurin da ma'aikata suka fi kusantar mutuwa shi ne farfajiyar da jirgi ke tsayawa domin sauke fasinjoji, inda cikin 'yan mintoci ake zuba mai, a fitar da kaya, a kawo abinci, a kuma jona wuta, duk a cikin ƙarar da ke hana jin magana. Saboda wannan ƙara ne Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, wato ICAO, ta tsara alamomin hannu iri ɗaya ga dukan ƙasashe, ta yadda mai ba jirgi hannu a Kano da matuƙin da ya taso daga Jidda za su fahimci juna ba tare da furta kalma ba.

Tsarin aikin bai da wuyar fahimta. Idan jirgi ya tsaya, ana sa masa waigi a tayoyin gaba don kada ya gangara, sannan kowa ya dakata har sai an kashe injuna, jar fitilar da ke walƙiya a sama da ƙasan jikin jirgin ta mutu, domin muddin tana walƙiya to injin yana aiki ko yana shirin tashi, kuma injin da ke aiki yana zuƙar duk abin da ya gitta gabansa.

Abin da ya faru a Montgomery ta jihar Alabama a Amurka ranar 31 ga Disamba, 2022 ya nuna nauyin wannan ƙa'ida. Wani jirgi ƙirar Embraer 175 ya iso daga Dallas da ƙaramin janaretonsa na baya a lalace, don haka dole aka bar injin yana aiki har sai an jona masa wuta daga ƙasa. An tara ma'aikata har sau biyu kafin isowarsa aka gargaɗe su cewa kada kowa ya matso, amma duk da haka wata ma'aikaciya ta bi ta gaban injin hagu ɗauke da alamar roba da ake jerawa a kewayen jirgi, injin ya zuƙe ta, jar fitilar kuwa tana walƙiya. Tarar da hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta ci kamfanin da ma'aikaciyar ke yi wa aiki, dala 15,625, ba ta kai ko kusa da girman asarar ba, kuma lamarin ya tabbatar da cewa gargaɗin baki kaɗai ba ya wadatarwa sai an sa wanda idonsa ke kan kowa har injin ya mutu.

Wani lokaci kuma kuskuren da aka yi a ƙasa sai an tashi yake bayyana. A ranar 3 ga Maris, 1974 jirgin Turkiyya ƙirar DC-10 ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa daga Paris, mutum 346 suka mutu, saboda ƙofar ɗakin kaya ba ta kullu sosai ba, ta ɓalle a sama. Asalin laifin yana ga ƙirar makullin, wanda ke iya nuna kamar ya kama alhali bai kama ba, sai dai kuma ma'aikacin da ya rufe ƙofar ba ya karanta Turanci ko Turkanci, harsunan da aka rubuta gargaɗin da su, kuma babu wanda ya biyo bayansa ya leƙa ƙaramar tagar da aka tanada domin tabbatar da cewa sakatun sun shiga mazauninsu.