Awa Takwas a Gaban Allo: Abin da Jarrabawar CCIE Ke Nema

A ranar 12 ga Nuwamban 2018, wani kuskuren saiti a kamfanin MainOne da ke Legas ya karkatar da wani ɓangare na bayanan da ke tafiya zuwa Google, suka bi ta Rasha da Sin na sama da awa ɗaya. MainOne da kansa ya fito ya ce babu hannun maƙiyi a ciki, kuskure aka yi wajen aikin gyara. Ranar 4 ga Oktoban 2021 kuma Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke ɗif na kusan awa shida, bayan wani umarni da aka bai wa na'urorin kamfanin ya yanke hanyoyinsu. A duka biyun akwai tsarin da ake kira BGP, wanda manyan cibiyoyin sadarwa ke sanar da juna hanya da shi. Layi ɗaya da injiniya ya rubuta ba daidai ba ya isa ya tsayar da cinikin miliyoyin mutane. Shi ya sa bankuna da kamfanonin waya ba sa damƙa irin waɗannan na'urori ga wanda ya iya baki kawai, suna son shaidar cewa hannunsa ya faɗa.

Shaidar da ta fi suna a wannan fanni ita ce CCIE, wadda kamfanin Cisco na Amurka ya ƙirƙiro a 1993. Duk wanda ya ci ana ba shi lamba tasa, wadda zai riƙa sawa a gefen sunansa. Ba daga ɗaya aka fara ƙirga ba: lamba 1024 ɗakin gwajin farko aka laƙaba wa, Stuart Biggs da ya tsara jarrabawar ya karɓi 1025, Terry Slattery ya karɓi 1026. A da kwana biyu ake yi ana gwajin, sai a 2001 aka mayar da shi yini guda. Kamfanin Juniper yana da tasa mai suna JNCIE, Huawei kuma yana da HCIE, kuma duk tafiyarsu ɗaya ce: a zaunar da kai gaban na'ura a ce yi mu gani.

Matakin farko na CCIE rubutacciyar jarrabawa ce ta awa biyu. Ga mai bin reshen cibiyoyin sadarwa na kamfanoni, wanda tun Fabrairun 2020 ya maye gurbin tsohon reshen rauta da suwic, ita ce ENCOR, mai lamba 350-401. Idan ka ci, kana da shekara uku ka haye gwajin aiki kafin ta lalace. Ba dole ba ne sai kana da ƙananan shaidun Cisco irin su CCNA ko CCNP kafin ka yi rajista, amma Cisco na ba da shawarar a yi shekara biyar zuwa bakwai ana aikin tukuna. A ganina wannan shawara ta fi doka nauyi.

Gwajin aikin kashi biyu ne. Awa ukun farko na tsarawa ne, ba ka taɓa na'ura. Za a turo maka saƙonnin imel da zane-zane da takardun wani kamfani na ƙirƙira, labarin yana buɗewa kaɗan-kaɗan, ana tambayarka wane tsari ya dace da buƙatarsa da aljihunsa. Tambayar da ka wuce ta wuce, babu komawa baya. Sauran awa biyar na ginawa da gudanarwa da gyarawa ne, kuma lokacin da ya rage maka a kashin farko ba ya biyo ka zuwa na biyu. Kowane kashi yana da mafi ƙarancin makin da dole ka samu, sannan jimillar biyun ma sai ta kai mizani. Wanda ya gwanance a ɗaya ya yi sakaci da ɗayan ya faɗi ke nan.

A nan ne masu ƙoƙarin makaranta ke shan mamaki. Jarrabawar ba ta damu da abin da ka haddace ba. Ka ɗauki bakaniken da ya karance littafin injin tsaf, da wanda ya shekara goma yana kwance gindin mota: idan inji ya yi wata irin ƙara, na biyun ya san inda zai kai hannu tun na farkon bai gano shafin ba. Ga misali daga cikin aikin. An ce ka haɗa rauta biyu da tsarin OSPF. Ka rubuta komai daidai, sun ga juna, sun fara gaisawa, sai suka cije a matakin da ake kira EXSTART, sun ƙi gaba sun ƙi baya. Sabon shiga zai goge saitin ya sake rubutawa, ya sake, minti ashirin sun tafi. Wanda ya taɓa cin karo da wannan a ɗakinsa da tsakar dare zai duba girman ƙunshin bayanan da kowace ƙofa ke karɓa, ya tarar ɗaya tana kan 1500, ɗayar an rage mata. Minti biyu ya gama. Irin waɗannan mintoci ne ke raba wanda ya ci da wanda zai sake biyan kuɗi.

Abu na biyu da ke kayar da mutane ya fi ban haushi, domin ba rashin sani ba ne. Tambayar takan zo da sharaɗi: ka sa wannan reshe ya isa wancan, amma kada ka yi amfani da hanya kaza, kada ka taɓa na'ura kaza. Mai gaggawa zai karanta rabin farko, ya haɗa, ya gwada ya ga saƙo yana zuwa yana dawowa, ya wuce yana murna, alhali ya karya sharaɗin, makin ya tafi. Ga kuma ayyukan a sarƙe suke da juna. Gyaran da ka yi a aiki na goma sha biyu yana iya rushe abin da ka gina a na huɗu ba tare da wata alama ta fito ba. Don haka tsofaffin hannu ke ware lokaci a ƙarshe su bi komai ɗaya bayan ɗaya, kuma suna adana saitinsu bayan kowane aiki.

To yaya ake shiri? A fara da jerin batutuwan da Cisco ke wallafawa a shafinsa kyauta. A bi shi layi-layi, a yi wa kai gaskiya: wannan na iya shi, wannan na taɓa jin sunansa ne kawai. Akwai tsoffin ginshiƙai irin su OSPF da EIGRP da BGP da MPLS, akwai kuma sababbin tsare-tsaren da manhaja ke juya cibiyar sadarwa daga wuri guda, wato SD-WAN da SD-Access, sannan da ɗan rubutun Python don sarrafa na'urori da yawa a lokaci ɗaya. Tsofaffin injiniyoyi sukan yi wa wannan ɓangare na ƙarshe kallon raini, kuma shi ke yawan cin su. Littafin Jeff Doyle mai suna Routing TCP/IP ya tsufa, amma har gobe yana da amfani wajen fahimtar tushe.

Karatu dai ƙaramin rabo ne, babban rabon na ɗakin gwaji ne. A da sai mutum ya tara tsofaffin rautoci a ɗakinsa suna ƙugi suna zafi. Yanzu manhajoji irin su GNS3 da EVE-NG da Cisco Modeling Labs suna kwaikwayon na'urori da yawa a cikin kwamfuta ɗaya, matuƙar tana da isasshen ƙarfi. Abin da ya fi ƙarfin kwamfutar gida ana hayarsa ta intanet, ana biya da awa. Mai shiri daga Kano ko Damagaram ya san dole lissafinsa ya haɗa da sola ko janareta, domin ɗauke wuta a tsakiyar gwajin awa biyar ba ƙaramin ɓata rai ba ne. Ka gina cibiya, ka ba abokin karatunka ya ɓata ta a asirce, ka nemo abin da ya taɓa. Idan lokaci ya matso, ka riƙa zaman awa takwas cur da agogo a gabanka, waya a kashe. Ka kuma saba da lalube cikin takardun bayanin Cisco, domin ana barin ka duba su a ɗakin jarrabawa, sai dai wanda bai san inda abu yake ba zai ƙarar da lokacinsa yana yawo a ciki. Mai iyali ya zaunar da mutanen gidansa tun farko ya gaya musu gaskiya, domin watanni za a yi ana ganinsa kamar baƙo.

Sai maganar kuɗi, wadda ba a son yi. Rubutacciyar jarrabawa dala 400 ce, gwajin aiki dala 1,600 a kowane zama, ko an ci ko an faɗi. Ba a gida ake yin sa ba, sai an je cibiyar Cisco, irin na Burasal a Beljiyam, ko Dubai, ko Bangalo a Indiya, ko Tokiyo, ban da ɗakunan tafi-da-gidanka da ake kaiwa wasu birane lokaci-lokaci. Ka ƙara tikitin jirgi da masauki da biza, ka juya shi zuwa naira ko sefa. Sakamako yakan fito cikin awa 48. Faɗuwa a zaman farko abu ne da aka saba gani ko a tsakanin gwanaye, kuma sai an jira kwana 30 kafin a sake zama. Rahoton makin da za a ba ka zai nuna ɓangarorin da ka yi rauni, nan ya kamata ka koma. Wanda ya ci ma bai huta ba, domin shaidar shekara uku take yi, sai a sabunta ta da wata jarrabawa ko da makin ƙarin ilimi 120.

Wannan tsada ce ke tura wasu wajen masu sayar da tambayoyin sata. Kowane mai zama yana sa hannu a yarjejeniyar rufe sirri, kuma wanda aka kama ana iya ƙwace shaidarsa a hana shi sake zama. Ko bai shiga hannu ba, ranar tantancewar aiki za a miƙa masa kwamfuta a ce ga cibiya ta tsaya, tayar da ita, kuma masu ɗaukar irin wannan ma'aikaci sun san tambayar da za su yi.

Ɗan'uwa, ko 'yar'uwa, idan kana da wannan buri, kada ka fara da neman ranar jarrabawa. Sauko da jerin batutuwan yau, ka haɗa rauta uku a kwamfutarka, ka ɓata su da gangan ka gyara. Ranar da ka yi zaman awa takwas a gida ka gama da sauran lokaci a hannu, sannan ka je ka biya dalar.