Yadda Tsohuwar Kwamfuta Za Ta Yi Maka Gadin Shago

A bayan tsofaffin kwamfutocin tebur akwai wata mashiga mai faɗi, mai ramuka 25 a layi biyu, wadda ake jona firinta a cikinta a da. Tun 1981 kamfanin IBM ya sa ta a kwamfutarsa, ta yi zamaninta har USB ya ture ta. Yanzu irin waɗannan kwamfutoci na jibge a ofisoshi da shagunan masu gyara, ƙura ta rufe su. Ni kuwa ina ganin asara ce, domin da wannan mashiga ɗalibi zai iya haɗa ƙararrawar tsaro, ya ga da idonsa yadda rubutu a allo ke kunna abu a zahiri.

Ramukan ba aiki ɗaya suke yi ba. Daga na 2 zuwa na 9, guda takwas, su ke fitar da saƙo: kowanne ko ya ba da kusan volt 5, ko sifili. Biyar kuma, wato 10, 11, 12, 13 da 15, saurare suke yi, ta nan firinta ke sanar da kwamfuta cewa takarda ta ƙare. Daga 18 zuwa 25 duk na ƙasa ne, wato ground.

To ga dabarar. Ka liƙa maganaɗisu a jikin ƙofa, ka sa ɗan makunnin da ke jin maganaɗisu a jikin katakon da ke riƙe da ita. Daga makunnin, waya ɗaya ta tafi rami na 10, ɗaya ta tafi na ƙasa. Muddin ƙofa na rufe, kwamfuta na karanta sifili. Da an buɗe, sai ya koma ɗaya. Abin da ya fi burge ni shi ne, ko ɓarawo ya yi wayo ya datse wayar, sakamakon ɗaya ne da buɗe ƙofar, jiniya za ta tashi.

Manhajar da za ka rubuta ba ta da tsawo. A yawancin kwamfutoci adireshin fitarwa 888 ne, na saurare 889. A yaren rubuta manhaja na QBasic, umarnin INP(889) zai karanto halin ƙofa, OUT 888, 1 kuma ya ba rami na 2 wuta. A DOS da Windows 98 kai tsaye ake yi. Daga Windows 2000 da XP sai an nemi taimakon fayil irin inpout32.dll.

Inda ake ƙona kwamfuta shi ne wajen jiniya. Wutar da ramin ke bayarwa ba ta wuce ta kunna ɗan ƙwan LED ba, don haka kada ka kuskura ka jona jiniya kai tsaye. Ka sa PC817 a tsakani, wadda ke miƙa saƙo ta hanyar haske ba tare da wutar ɓangarorin biyu ta haɗu ba. Ita za ta tada transisto irin BC547, shi kuma ya ja rile, rile ya kunna jiniya daga batirinta mai volt 12. Kada a manta da dayod 1N4007 a kan naɗin rilen, don ya shanye wutar da ke dawowa idan an kashe. Wutar NEPA kuwa, ɗan koyo ya bar ta sam.

Akwai cikas babba a wajenmu: in an ɗauke wuta, mai gadi ya yi barci, sai in akwai inbata ko sola. Wayar nan mai juya USB zuwa mashigar firinta ma ba ta wannan aiki, firinta kawai ta sani. Wanda ke son tsaron dukiya na dindindin, ƙaramin allo irin Arduino ya fi masa, don batir kaɗan ya ishe shi. Amma wajen koyo, malaman kwalejojin fasaha su fito da tsofaffin kwamfutocin nan daga sito su ba ɗalibai su gwada.