Abin da Yaya Ya Samo a Gulbin Kaba

Shekara biyu Yaya ya yi yana fama da jita a Tasawa, bai iya haɗa kiɗa ko guda ba. Ɗan wan mahaifina ne, mushen lakwal, ya ba arba'in baya, yana da mata da 'ya'ya biyar. Jitar ta hannu ce, a Maraɗi ya sayo ta. Yana da babbar waya, akwai wuta a gidansa, ga darussa a YouTube iya son ransa. Amma in ya ɗauko ta ya fara, sai tausayinsa ya kama ka: ya danna nan, ya tsaya, ya duba yatsu, ya yarfe hannu, ya sake komawa farko.

Sai aka yi masa canjin wurin aiki zuwa wani ƙauye a ƙasar Mayahi, cikin Gulbin Kaba, inda ajin ma na zana ne, babu wuta, kuma sai an hau jigawa ake samun rezo. Ya tafi a watan Oktoba da katifarsa da jitarsa. Da ya dawo babban hutu a watan Yuli, ya zauna a fadarmu bayan isha'i ya kaɗa wani kiɗan makaɗin jita Bombino daga farko har ƙarshe, bai yi tuntuɓe ba, har yana amsa gaisuwar masu wucewa. Abin da ya gagare shi a gari, ga wuta ga darasi, ya samo shi a inda babu ko ɗaya. Ta yaya?

Bayani na farko da aka kawo a fada shi ne asiri. Kowa ya san yankin nan yana da tsofaffin masu garaya tun zamanin da bori ke tashe, don haka wani ya ce laƙani aka ba shi. Maganar ta yi wa Yaya zafi, ni ma ta yi mini, domin mutum ne da ba a rasa shi a sahun farko. Wani kuma ya ce gado ne ya motsa. Mu dai zuriyarmu manoma ne da malamai, ba mu da makaɗi ko a dangin uwa ko a na uba. Kuma in gado ne, me ya hana shi motsawa a Tasawa? Mdou Moctar, ɗan ƙasar Tawa da yanzu ake sauraro har Amurka, daga gidan da ba a son kiɗa ya fito, jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke ya haɗa ta.

Bayanin da ya fi kama hankali shi ne na lokaci: wai mutum a ƙauye ba shi da abin yi, sai ya wuni yana kiɗa. Na tambayi Yaya. Ya ce aji biyu aka haɗa masa, shi ke dafa abincinsa, shi ke gyaran kayen yara da dare da fitilar hannu. Ya ce bai taɓa wuce minti 20 a rana ba. Na yi lissafi: minti 140 ke nan a mako. A Tasawa kuwa duk ranar Lahadi awa uku yake yi a zama ɗaya, minti 180. Wato a ƙauye lokacin da yake ba jita ya ma ragu. Nan al'amarin ya ƙara ɗaure mini kai, na daina sauraron fada, na koma duba mutumin da kayansa.

Na fara da hannunsa na hagu. Kan yatsu huɗu duk sun yi kanta, fatar ta yi tauri ta yi sheƙi, da ɗan layi a tsakiya inda tsirkiya ke kwanciya. A da ba haka suke ba. Duk Litinin da bororo yake zuwa aji, alli ma da ƙyar yake riƙewa. Kanta a yatsan mai koyon jita takan fito cikin mako biyu zuwa huɗu, amma sai in ana taɓa tsirkiya kaɗan-kaɗan kullum. Wanda ya yi awa uku rana ɗaya ya ji wa kansa ciwo, kafin kwana shida fatar ta warke ta koma laushinta, Lahadi ta gaba ya sake daga tushe. Shekara biyu Yaya yana wannan zagaye.

Sai na karɓi jitar. Ina dannawa na ji ta yi taushi, ba yadda na san ta ba. Na duba jakin da tsirkiyoyi ke hawa kansa, na ga ya gajarce, da alamar magagari a gindinsa.

«Yaya, wa ya taɓa nan?»

Ya ce akwai wani tsoho mai garaya a ƙauyen, maƙwabcinsa. Tsohon bai taɓa riƙe jita ba, garaya tsirkiya biyu gare ta, wuyanta kuma babu gaɓoɓi. Amma ranar da ya ga Yaya yana yarfe hannu, ya karɓa, ya danna da babban yatsa, ya ce: «Mushe, ba laifin yatsunka ba ne. Tsirkiyar nan ta yi sama da yawa.» Ranar kasuwar Mayahi suka kai wa wani kafinta, ya zare jakin ya goge gindinsa a hankali, suna mayarwa suna gwadawa. Tsohon ya kuma sa aka ɗan sassauta tsirkiyoyin duka, sautin ya sauka ya daidaita da muryar Yaya.

Wannan wuri ya cancanci a tsaya a kansa, domin na tabbata ya kashe wa mutane da yawa gwiwa a ƙasarmu. Tsirkiyoyin ƙarfe shida suna jan wuyan jita da nauyin da ya kai wajen kilo 70, dare da rana. Ga zafin bazara, ga bushewar hunturu, ga laimar damina, katako yana ta motsi. A hankali wuya ya lanƙwashe, tsirkiya ta yi nesa da shi. A jita mai lafiya, tazarar tsirkiya da wuya a gaɓa ta 12 milimita 2 zuwa 3 ce. Ta Yaya, in ji shi, tsinken ashana biyu a haɗe suna shigewa ba su taɓa komai ba. Mai koyo bai san haka ba. Yana ganin yatsunsa ne suka tsufa, ya ce ai an bar kari tun ran tubani, ya ajiye.

To, an gano abin da ya rage ciwo. Amma rashin ciwo ba ya sa mutum ya ɗauki abu kullum. Me ya sa a ƙauye bai tsallake rana ba?

Amsar tana ɗaure a kan jitar, ban lura da ita ba sai daga baya: wata 'yar igiyar kaba da aka yi wa hanci a wajen maƙullan ɗaure tsirkiya. Yaya ya ce makonsa na farko a ɗakin ƙasar da aka ba shi, gara ta cinye gindin kwalin littattafansa. Mai gidan ya ce kada ya bar komai a ƙasa. Sai ya fitar da jitar daga jakarta, ya ɗaura mata igiya, ya rataye ta a ƙusa kusa da ƙofa. A Tasawa fa, ina take zama? Wannan matar Yaya ce ta faɗa mini. Ta ce: «Ai ɓoyonta yake kamar kayan sata. Cikin jaka, ƙarƙashin gado, bayan kwanukana.» Gidan surukinsa yana layi ɗaya da nasu. Yaya yana jin nauyin a ce mushe guda, uban yara, ya koma maroƙi. Kafin ya taɓa jita sai Lahadi ta zo, yara sun fita, an rufe ƙofa, an janye kwanuka. Abin da sai an yi masa wannan hidima ba a yin sa kullum.

A ƙauye kuwa, duk bayan la'asar yana hura gawayi ya ɗora butar shayi a bakin ƙofa. Wanda ya san shayinmu ya san na farko ba ya gaggawa. Yana zaune, hannu ba aiki, jita tana rataye daidai kafaɗarsa. Ya ce bai taɓa yanke wa kansa doka ba, hannunsa ne kawai ke miƙewa. Shayi ya nuna, ya mayar da ita ƙusa. Minti 20 ɗin nan da ya faɗa mini, lokacin dahuwar shayi ne.

Masana sun daɗe da auna irin wannan. A 1978 Alan Baddeley da wani abokin aikinsa sun buga sakamakon gwajin da suka yi da ma'aikatan gidan waya a Ingila, manya, da ake koya wa buga keken rubutu. Waɗanda ake ba awa ɗaya a rana sun iya aikin cikin awoyin da ba su kai na masu awa huɗu a rana ba. A 2002 Matthew Walker da abokansa a jami'ar Harvard sun nuna cewa wanda ya koyi wani jerin danne-danne da yatsu, in ya yi barcin dare, saurinsa yana ƙaruwa da kusan kashi 20 cikin ɗari ba tare da ya ƙara gwadawa ba. Mai taɓa jita kullum yana cin wannan riba dare bakwai a mako, mai Lahadi kaɗai dare ɗaya. Ita kuma Phillippa Lally a Landan ta bi mutum 96 da ke son kafa sabuwar ɗabi'a, kowa ya jingina ta da wani abin da yake yi kullum. Ta samu cewa a tsaka-tsaki kwana 66 ake yi kafin abu ya zama jiki, kuma tsallake rana ɗaya ba ya rushe ginin. Daga Oktoba zuwa hutun Disamba Yaya ya riga ya wuce wannan.

Saura abu ɗaya da bai warware ba. Minti 20 kullum za ta ba ka kanta da saurin yatsu, amma kiɗa cikakke, mai tafiya daidai ba gaggawa, daga ina? A nan ne rashin rezo ya yi masa rana. A Tasawa duk Lahadi sabon bidiyo yake buɗewa: yau wani Bafaranshe na koyar da kamun yatsu, mako mai zuwa wani daban na koyar da wani salon. Ya san farkon abubuwa da yawa, bai kai ƙarshen ko ɗaya ba. A ƙauye abin da ke cikin katin wayarsa shi ke nan, kuma cajin waya sai an biya mai farantin sola. Kiɗan Bombino guda ɗaya ya zaɓa daga faifan Agadez na 2011, yana saurara da kunne yana lalube. Irin wannan kiɗa gajeren zagaye ne da ake maimaitawa ana yi masa ado, kunnen da ya saba da garaya da gurmi ba ya baƙunta a cikinsa.

Tsohon nan kuma kusan kullum yana zuwa shan shayi. Yana zaune yana buga cinya da tafin hannu, a hankali, ya fi kiɗan asali jinkiri nesa ba kusa ba. In Yaya ya yi tuntuɓe ko ya yi sauri, sai ya ce: «Sake, Mushe.» Ba ya barinsa ya wuce gaɓa sai ta zauna. Yaya ya ce akwai wani ɗan juyi na yatsa biyu da suka yi kusan wata suna kansa, har ya ce: «Baba, mu ci gaba mana.» Tsohon ya ce shi haka aka koya masa, kuma bai san wata hanya ba. Tsirkiya shida ba ta cikin saninsa, amma ya san lokacin da kiɗa ya zauna da lokacin da bai zauna ba, kuma wannan ne bidiyo bai taɓa faɗa wa Yaya ba.

A ganina, cikin duk abubuwan nan kunya ce ta fi cin Yaya, domin ita ta tura jitar ƙarƙashin gado, daga nan sauran suka biyo. Mutumin da ya sauke haƙƙin aikinsa da na iyalinsa da na Ubangijinsa, in ya zauna minti 20 yana koyon abin da ransa ke so, ban ga abin ɓoyo a ciki ba. Da ya dawo Tasawa ya kafa ƙusa a ɗakinsa, yana yi bayan la'asar, babbar 'yarsa ce ke buga masa tafi. Surukin ya sani, kuma gaisuwarsu tana nan yadda take.

Makarantar koyon kiɗa ta CFPM El Hadj Taya tana Yamai, sama da kilomita 700 daga Tasawa, kuma mai iyali ba zai ajiye aikinsa ya tafi can ba. Kai da ke Tasawa ko Mayahi ko Kanambakashe, da ka sayi jita ka ajiye kana cewa girma ya zo, ka fito da ita yau, ka sa tsinken ashana a gaɓa ta 12. In biyu a haɗe sun shige, ka fara kai ta a gyara kafin ka yanke wa yatsunka hukunci.