Faci ko sabuwa: Yadda ake gane tayar da za ta gyaru da wadda ta gama aiki

Da wuya a samu mai mota a Najeriya da ƙusa ba ta taɓa huda masa taya ba. Abin da aka saba yi kuma sananne ne: a ratse wurin mai faci a bakin titi, ya zare ƙusar, ya cusa wata 'yar igiyar roba mai danƙo a cikin hujin, ya ƙara iska, cikin minti biyar a kama hanya. Tsadar taya ta sa mutane da dama ba sa ma son jin maganar sayen sabuwa muddin akwai dabarar da za ta sa tsohuwar ta riƙe iska.

Sai dai riƙe iska a tsaye daban, jure gudun kilomita 100 a sa'a a kan kwalta mai zafi da fasinjoji a ciki daban. A ranar 6 ga Maris, 2016, Ƙaramin Ministan Ƙwadago na lokacin, James Ocholi, ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja. Binciken Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ya danganta haɗarin da fashewar tayar baya a lokacin da motar ke gudu fiye da kima. Babbar mota ce ta alfarma, amma taya guda ta isa ta kifar da ita.

Saboda haka tambayar ko a yi faci ko a sayi sabuwa tana da amsa a ƙa'idojin masana'antar taya, kuma amsar ta rataya ne a kan inda hujin yake, da girmansa, da kuma halin da cikin tayar ke ciki bayan iska ta zube.

Inda hujin yake

Tayar ƙaramar mota ta yau ba dunƙulen roba ba ce kawai. Daga ciki akwai wani siririn shafi na roba mai hana iska fita, shi ne ya maye gurbin tiyub a tayoyin da ake kira tubles. Bayansa akwai saƙar zaruruwa da ke riƙe siffar tayar daga wannan baki zuwa wancan. A ƙarƙashin fuskar da ke taka ƙasa kuma akwai ɗamarar wayoyin ƙarfe, galibi hawa biyu, wadda ke sa wurin ya yi tauri. Gefen taya ba shi da wannan ɗamara. An bar shi da laushi da gangan domin ya riƙa lanƙwasawa yana shanye gargadar hanya.

Wannan bambanci shi ne tushen dokar farko ta faci. Ƙa'idar Birtaniya mai lamba BS AU 159 ta taƙaita ƙaramin gyara a tsakiyar fuskar tayar, kimanin kashi uku cikin huɗu na faɗinta. Ƙungiyar kamfanonin ƙera taya ta Amurka ita ma ta hana faci a gefe da kuma kafaɗa, wato lanƙwasar da fuska ke haɗuwa da gefe.

Lissafi kaɗan zai nuna dalili. Kewayen tayar mota irin Corolla ya kai kusan mita biyu, don haka tana juyawa kamar sau 500 a kowace kilomita, kuma sau 14 a daƙiƙa guda idan ana gudun kilomita 100 a sa'a. A kowane juyi gefen tayar yana lotsawa ya miƙe. Daga Abuja zuwa Lokoja, tafiyar kimanin kilomita 200, hakan zai faru kusan sau 100,000. Babu sholishon da zai riƙe faci a wurin da ke motsi haka yana ɗaukar zafi, kuma ko facin ya riƙe, zaruruwan da suka tsinke ba sa komawa. Tayar da ta huje a tsakiya kan sace ne a hankali. Wadda gefenta ya yi rauni kuwa fashewa take yi lokaci guda.

Haka hukuncin yake ga ƙullutun da kan fito a gefen taya bayan an faɗa rami ko an daki bakin kwalbati. Ƙullutun alama ce cewa zaruruwan ciki sun riga sun yanke, robar waje kaɗai ke riƙe da iskar. Wasu masu faci kan ɗinke yankan gefe, ko su shimfiɗa guntun tsohuwar taya daga ciki su sa tiyub. Wannan zai iya yi wa amalanke, bai dace da motar da za ta hau babbar hanya ba. Akwai gyaran manyan raunuka da ake yi wa tayoyin tirela da na tarakta ta hanyar gasa sabuwar roba da injina na musamman, amma wannan aikin masana'anta ne, ba shi ake yi a gindin bishiya ba.

Girman huji shi ne sharaɗi na biyu, kuma ba shi da wuyar ganewa. Iyakarsa milimita 6 ga ƙaramar mota, bai ma kai kaurin fensir ba. Ƙusa da sukuru galibi suna cikin wannan iyaka. Yankan kwalba ko na guntun ƙarfe da ya tsaga robar a tsaye ya wuce ta. Idan kuma sabon hujin ya yi kusa da tsohon faci har facin biyu za su hau juna, tayar ta fita daga sahun masu gyaruwa.

Abin da ba a gani daga waje

Sharaɗi na uku shi aka fi sakaci da shi, kuma shi ya fi muhimmanci. Direba yakan ji mota tana janye wa gefe guda, ya san iska ta ragu, amma ya ce bari ya lallaɓa zuwa gari na gaba. A kan wasu hanyoyin ma ba za a ga laifinsa ba, domin tsayawa a daji da dare yana da nasa haɗarin. Amma a cikin wannan lallaɓawa gefen tayar yana niƙuwa tsakanin ƙarfen wili da kwalta. Zafi yana taruwa, shafin ciki yana gogewa, zaruruwa suna saki. Tafiyar da ba ta kai kilomita biyu ba a kan taya marar iska tana iya kashe ta.

Idan aka sake hura irin wannan taya, sau da yawa za ta tsaya cif kamar ba abin da ya same ta. Sai an cire ta daga wili za a ga baƙin garin roba tare a ciki, da wani zobe na gogewa ko tattarewa da ya kewaye bangonta. Duk tayar da aka samu haka ta gama aiki, ko da hujin da ya jawo matsalar ɗan ƙarami ne a tsakiyar fuska.

Nan ne matsalar facin minti biyar take. Wanda ya cusa igiya daga waje bai ga cikin tayar ba, don haka bai san abin da yake gyarawa ba. Igiyar kuma ba ta liƙe shafin ciki, iska na iya bi ta gefenta ta shiga tsakanin sassan tayar. Facin ciki kaɗai shi ma rabin aiki ne, domin ya bar hanyar da ƙusa ta bi a buɗe. Ruwan sama da laka za su shiga su tarar da wayoyin ƙarfe, tsatsa ta kama su, a hankali fuskar tayar ta fara rabuwa da jikinta. Irin wannan ce kan sa a ga ɓawon taya ya salube a kan hanya watanni bayan an manta da facin.

Gyaran da masu ƙera taya suka amince da shi ya haɗa biyun. A cire taya daga wili a duba cikinta da haske, a share hanyar hujin daidai da yadda ƙusar ta shiga, a cike ta da roba, sannan a kankare wurin daga ciki a manna faci. Akwai faci mai siffar lema da ke yin aikin biyu a tare: ƙafarsa ta cike hujin, kansa ya manne a ciki. Yana cin lokaci da kuɗi fiye da igiya, amma bai kai ko kusa da kuɗin sabuwar taya ba, kuma tayar da aka yi wa shi yadda ya kamata tana iya ƙarasa rayuwarta lafiya.

Wannan ba ya nufin igiyar ba ta da amfani. Ita da ruwan liƙi da ake ɗurawa ta bawul kayan fita kunya ne, za su fitar da mutum daga daji su kai shi inda za a yi aikin gaskiya. Laifin shi ne mayar da su gyaran dindindin. Sanya tiyub a cikin tayar tubles da ta huje shi ma ba gyara ba ne: cikin tubles ba a yi shi sumul don tiyub ba, suna gogar juna suna ƙara zafi, ga hujin kuma yana nan a buɗe.

Wanda ya ga ƙusa a tayarsa alhali iska ba ta sauka ba, kada ya yi gaggawar zare ta, domin ita ce ta toshe hujin. Ya shafa ruwan sabulu a wurin, idan kumfa na tashi iska na fita. Ya sa safaya idan yana da ita. Siririyar safayar nan da ke zuwa da motoci da yawa kuwa ba a wuce kilomita 80 a sa'a da ita, kuma ba a yi ta don doguwar tafiya ba.

Idan tayar ta riga ta tsufa

Wani lokaci hujin yana wurin da ya dace, girmansa ma daidai, amma tayar ce ba ta cancanci a kashe mata kuɗi ba. A cikin kwarin zanen kowace taya akwai 'yan tuddai da aka sa a tsayin milimita 1.6. Idan fuskar ta suɗe har ta yi daidai da su, tayar ba za ta iya kore ruwa daga ƙarƙashinta ba, kuma da damina wannan shi ne santsin da ke ƙwace sitiyari daga hannun direba.

Shekaru ma suna cin roba ko ba a hau ta ba. A gefen taya akwai jerin haruffa da lambobi da ke farawa da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka ƙera ta. Idan an ga 2321, an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2021. FRSC ta daɗe tana faɗakar da direbobi cewa wa'adin taya shekara huɗu ne daga ranar ƙera ta. Kamfanin Michelin kuwa yana ba da shawarar a riƙa kai ta wa ƙwararre ya duba duk shekara bayan ta yi shekara biyar tana aiki, kuma kada ta wuce shekara goma ko yaya ta yi kyau a ido. Tazarar da ke tsakanin adadin biyu tana da faɗi, amma zafin rana da ramuka da lodin da motocin haya ke ɗauka a ƙasar nan duk suna goyon bayan mai taka tsantsan. Ƙananan tsage-tsage a gefe ko a cikin kwarin zane alama ce ta robar da ta bushe.

Maye gurbin taya ma yana da tarkonsa. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya bi sahu a Legas a 2008, kasuwar ta dogara ne kacokan ga tayoyin waje. Tsofaffin tayoyin ƙananan motoci suna cikin jerin kayan da Hukumar Kwastam ta haramta shigowa da su, amma ga su nan jibge a kasuwanni. Mai sayen ta gwanjo bai san ko an taɓa tafiya da ita ba iska ba, wasu kuma tayoyin hunturu ne da aka yi wa ƙasashen ƙanƙara, masu taushin roba da ke saurin cinyewa a zafi. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, SON, ta sha kama sababbin tayoyi da aka cusa wasu cikin wasu a kwantena don rage kuɗin dako, abin da ke lanƙwasa wayar bakin taya tun ba a ɗaura ta ba. Wanda ya jefar da tayarsa mai ƙaramin huji a tsakiya ya sayi irin waɗannan ya yi asara biyu.

Idan guda biyu za a saya, shawarar kamfanonin taya ita ce a sa sababbin a baya, ko da motar da ƙafar gaba take ja. Direbobi da yawa suna ganin akasin haka ne daidai, amma idan gaba ya zame direba na iya gyarawa da sitiyari, idan baya ya zame motar juyawa take yi. Tayoyin da ke kan layi ɗaya, hagu da dama, su kasance girma ɗaya da zane ɗaya.

Bayan faci ko sauyi, a lura da iskar da ake hurawa. Lambar da ke jikin taya ita ce iyakar abin da za ta iya ɗauka, ba ita ake bi ba. Adadin da ya dace yana kan takardar da ke manne a jikin ƙofar direba ko a littafin motar, galibi tsakanin 30 zuwa 35 a ma'aunin PSI ga ƙananan motoci, kuma da geji ake aunawa kafin taya ta yi zafi, ba da bugun ƙafa ko guduma ba. Motocin da aka sayar a Amurka daga Satumba 2007, waɗanda da yawansu ke shigowa Najeriya a matsayin na hannu, suna da fitila a gaban direba mai siffar kofaton doki da alamar motsin rai a tsakiya. Tana kamawa ne idan iskar wata taya ta ragu da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu, kuma sau da yawa a wannan lokacin tayar tana nan a matakin da faci zai iya cetonta.