Dokar 1905: Yadda Faransa Ta Raba Coci da Gwamnati

Duk wanda ya ga yadda aka yi rububin gyara cocin Notre-Dame bayan gobarar 2019 zai sha mamaki idan ya ji cewa ginin ba na Cocin Katolika ba ne. Mallakar gwamnatin Faransa ne, an dai bar wa mabiya su yi ibada a ciki.

Tushen wannan tsari shi ne dokar 9 ga Disamba 1905, wadda Aristide Briand ya tsaya mata a majalisa. Sashenta na farko ya tabbatar wa kowa 'yancin bin abin da ya yi imani da shi. Na biyu ya ce gwamnati ba ta da addinin da ta ɗauka nata, kuma ta daina biyan malaman addini albashi. Kafin nan, tun yarjejeniyar Napoleon da Fafaroma ta 1801, baitulmali ke ɗaukar nauyinsu.

Sai dai dokar ba ta game ƙasar ba. Yankin Alsace da Moselle yana hannun Jamus a lokacin, shi ya sa har gobe gwamnati ke biyan limaman Katolika, fastoci da malaman Yahudawa a can. Limaman masallaci ba su cikin rabon.

A batun makarantu kuwa, ƙorafin Musulmi yana da ƙarfi. Dokar 1905 hannun gwamnati ta ɗaure, amma wata doka ta 2004 kan ɗalibai ta faɗa: ta haramta hijabi, babban gicciye da hular Yahudawa a makarantun gwamnati. A 2023 aka haɗa da abaya. Yarinya kan iso bakin ƙofar makaranta, ta zare mayafinta, ta ninke, ta cusa a jaka kafin ta shiga aji.